Makulli Ya Isa Ya Tsare Amana?

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya iso ƙasar Kura, zai ga gonaki kore shar, alhali kuwa an yi watanni ba a ga digon ruwan sama ba. Haka abin ya ke a Bunkure da Garun Malam. Ruwan yana zuwa daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da shi a ke noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Manyan hanyoyin ruwan suna hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1976.

Amma ruwa kaɗai ba ya kai tumatir kasuwa. Sai da hanyar da mota za ta bi, da kwalbati, da rumfar kasuwa, da tasha. Tsarin mulki na 1999 ya sa irin waɗannan cikin aikin ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta hannu cikin sha'anin makarantun firamare da lafiya. Ƙaramar hukuma kuwa ba ta yawan yin gini da kanta. Kwangila ta kan bayar. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye. Jihar Kano tana da 44 daga cikinsu. Saboda haka tambayar nan, wa za a ba kwangila, ta wace hanya kuma, ta shafi kowane manomi.

Ga yadda a ke yi bisa ƙa'ida. A yi shela cewa ana son a gina kwalbati. Kowane ɗan kwangila ya rubuta nawa zai yi aikin, ya sa a ambulan, ya liƙe, ya jefa a akwati mai makulli. Ranar da aka ajiye, a buɗe a gaban kowa, a karanta. Dokar sayayya ta Gwamnatin Tarayya ta 2007 haka ta tsara, ta ce a ba wanda kuɗinsa ya fi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗa. Jihohi kuma suka yi nasu dokoki.

Raunin akwati sananne ne. Makullin yana aljihun mutum. In ya buɗe da dare ya ga wani ya ce miliyan 20, sai ya raɗa wa abokinsa ya rubuta miliyan 19. Ko kuwa a karɓi takardar da ta zo bayan lokaci, ko takardar wani ta ɓace. Wanda aka cuta ba shi da shaida.

Domin wannan ne wasu ƙasashe suka mai da akwatin cikin kwamfuta. Koriya ta Kudu ta soma nata tsari a 2002. Yukiren ta wajabta nata, mai suna Prozorro, a 2016, inda bayan an gama kowa yana iya duba takardun. Ɗan kwangila yana aika tayinsa ta intanet. Na'ura ta hargitsa rubutun, har ko mai lura da ita ba ya iya karantawa. Ta rubuta sa'a da mintin da tayin ya iso. In lokaci ya cika ta rufe ƙofa, ba roƙo, ba sanayya. A kan raba mabuɗin tsakanin ma'aikata biyu ko uku, ba mai buɗewa shi kaɗai, duk wanda ya taɓa wani abu kuwa sawunsa yana nan.

To, a nan ne tambayarmu ta ke. Mun ji masu cewa, "Wannan cin fuska ne. In mutum mai gaskiya ne, don me za a kulle masa akwati? In kuwa ba shi da gaskiya, ai na'ura ba za ta shirya shi ba." Maganar tana da nauyi, kada mu yi saurin ture ta. Gama lalle makulli bai taɓa mai da ɓarawo amintacce ba.

Amma bari mu duba akawu mai gaskiya, mu ga halin da ya ke ciki. Makulli yana hannunsa. Da dare ƙanen mahaifinsa ya yi sallama. Kashegari babban da ya samo masa aikin ya aiko. Ba su ce masa ya yi sata ba, cewa suka yi ya taimaka. In ya ƙi, a ce ba shi da zumunci, ko a ce ya manta alheri. In ya yarda, ya ci amanar mutanen da ba su san sunansa ba. Mu da kanmu mu ke ɗora masa wannan kaya, mu ne kuma za mu zage shi in ya faɗi. Ran da makullin ya bar hannunsa, sai ya iya cewa, "Baba, ko ni ba na iya gani," kuma gaskiya ya faɗa. Ashe makullin kariya ce ga mai gaskiya. Ba daidai ba ne mu ajiye ɗan'uwanmu a bakin rami kowace rana, sa'an nan mu ce muna gwada halinsa ne.

Manoman rani sun san wannan tun tuni. Ruwa yana fara isa gonakin da ke kusa da bakin hanya, na ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. Shi ya sa a ke da ƙofofin ruwa da ranakun juyi, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ba wanda ya ke cewa ƙofar ta zagi mai gonar farko. An sa ta ne domin mai gonar ƙarshe, wanda ba ya nan sa'ad da a ke buɗewa. Cikin sha'anin kwangila, mai gonar ƙarshe shi ne magini wanda bai san kowa a sakatariya ba, da matar da za ta bi ta kan kwalbatin da damina tana goye da yaro.

Sai dai fa mu san iyakar abin. Makulli yana tsaron tayi ne daga sa'ad da aka aiko shi zuwa sa'ad da aka buɗe. Abin da ke gaban wannan da abin da ke bayansa, duka a hannun mutane su ke.

Kafin tayi, mutum ne ya ke rubuta sharuɗa, yana kuwa iya ɗinka su daidai wuyan abokinsa. Ana iya yanyanka babban aiki ƙanana ƙanana domin kada ya kai adadin da doka ta ce sai an yi shela. 'Yan kwangila uku suna iya zama a zaure su shirya wanda zai ci bana da wanda zai ci baɗi. Mutum ɗaya yana iya aiko da tayi uku da sunan kamfani uku. Na'ura za ta karɓa duka, ta adana su da kyau.

Bayan tayi kuma, na'ura ba ta zuwa bakin aiki ta ƙirga buhun siminti ko ta auna rodi. In aka ƙwange, ruwan Agusta ne zai tona, a lokacin kuwa an riga an biya kuɗi.

Akwai kuma haɗari na uku. Magini na ƙauye, wanda ya iya aikinsa sarai amma ba shi da kwamfuta, ko wutar lantarki, ko Turanci, yana iya samun kansa a waje. In haka ta faru, an kawar da wani zalunci an kawo wani. Wajibi ne a yi shela da Hausa, a rediyo da kasuwa, a kuma tanadi wurin da za a taimaki irinsa ya aika tayinsa ba tare da mai taimakon ya leƙa kuɗin ba.

Mene ne namu, mu da ba 'yan kwangila ba? Abu biyu. Na fari, mu nemi a ɓoye tayi kafin ranar buɗewa, bayanta kuwa a bayyana kome: wa ya ci, nawa, wane aiki, zuwa yaushe. A manna a allon sakatariya, a kafa allo a bakin aikin. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Manoman da ke bin hanyar kullum sun fi kowane mai bincike sanin ko an zuba tsakuwa. In sun san abin da aka biya, za su iya tambaya, ƙungiyoyinsu kuma su kai kuka da hujja.

Na biyu ya fi wuya, gama a cikin gidajenmu ya ke. Mu daina zuwa wurin 'yan'uwanmu masu riƙe da aikin hukuma muna neman su karkata mana abin da ke na jama'a duka. Mu kan yi kuka da cin hanci in ya taɓa mu, mu kira shi taimako in ya amfane mu. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, sau da yawa kuwa roƙonmu ne ya ke tsaga shi.

Makulli dai bai isa ya tsare amana shi kaɗai ba, amma yana rage wa mai amana nauyi, yana kuma barin sawun maci amana a fili. Mu roƙi hukumominmu su sa shi. Sa'an nan mu je bakin kwalbatin da idonmu, mu ga ko abin da aka rubuta shi aka gina.