Sakaci Ne Ko Nisa?

Akwai wata magana da nake yawan ji a gidan makoki idan ciwon daji ya ɗauke mace. Sai ki ji wata ta rage murya ta ce, "Ai ita ma ta yi sakaci, sai da abu ya ci ƙarfinta sannan ta je asibiti." Ni ma da bakina na taɓa faɗar haka a kan wata goggona ta ƙauye, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ki ɗauki mata biyu. Ɗaya tana zaune a cikin Zariya, ɗaya kuma a ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, da damina ma rafi ya yanke hanyar. Dukansu wajen wanka suka ji ɗan ƙullutu a nono kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi ba ciwo, domin haka sankara takan fara. Ta farko da dare ta gaya wa maigida, da safe ta hau mota zuwa asibitin koyarwa na Shika, ta dawo gida ta ɗora tukunyar dare.

Ta biyu fa? Da farko shiru za ta yi, tunda ba ya hana ta daka. In ta faɗa, uwar miji ta ce daji ne, kada a yarda allura ta taɓa shi, a kawo na shafawa. Daga nan sai kemis, sai ƙaramin asibitin da babu mai iya gane abin. Kafin a tura ta birni an ce a jira kaka a sayar da wake. Ta isa kuma ba ranar za a gama ba: sai an ɗebi ɗan nama an kai awo, a ce ta dawo. Kowace dawowa kuɗin motar mutum biyu ne, don ba za a bar ta ita kaɗai ba, ga yara, ga wanda zai yi girki. To a cikin wannan duka, ki nuna mini inda sakacinta yake.

Likitoci sun kasa wannan ciwo mataki huɗu. A na ɗaya da na biyu ana samun warkewa sosai, a na huɗu kuwa ya riga ya bazu cikin jiki, sai dai a sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na masu sankarar nono suna raye shekara biyar bayan an gano ta, a Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Shi ya sa ta kafa burin a riƙa kammala bincike cikin kwana 60 da fara ganin mace. Kwana 60! Goggona ta fi haka tana jiran kuɗin mota kawai.

Ga kuma injin da ake gasa ciwon da haske. Asibitocin da aka daɗe da sani da shi a Arewa ba su da yawa, irin su Shika, Sakkwato, Gwambe da Abuja, kuma inji yakan lalace a yi ta jira. Gashin nan ba na rana ɗaya ba ne, kusan kullum ake zuwa har makonni. Wadda ba ta da kowa a garin, a ina za ta kwana?

Wata za ta ce ai ajali ne, ko a bakin ƙofar likita kike in ya zo sai kin tafi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma titin da ba a shimfiɗa ba da asibitin da ba a kai wa ma'aikaci ba, hannun mutane ne ya bar su haka, kuma bai dace mu lulluɓe su da sunan ƙaddara don kada a tambayi kowa ba. Ban kuma ce duk jinkiri na nisa ne ba. Na san matan birni da asibiti ke bayan gidansu, suka ɓoye don tsoron a yanke nono maigida ya ƙaro aure. Wannan kam akwai abin faɗa a kai, da su da mazajen, alhali yawancin ƙullutun da ake ji ma in an auna ba sankara ba ne. Sai dai kada mu haɗa su a kwano ɗaya da wadda ta so zuwa hanya ta hana.

Mu kuma na birni ba mu fita ba. Lokacin da goggona ta zo awo na farko, a gidana ta sauka kwana biyu. Da aka ce ta dawo bayan mako uku, ta tambaye ni a hankali, "'Yata, in na dawo ba zan takura muku ba?" Na ce a'a, amma da sanyin baki na faɗa, don ɗakin baƙi cike yake da kayan lefen ƙanwata. Ta lura. Ba ta sake zuwa ba sai bayan wata bakwai, a kwance a bayan mota.