Wa Ake Yi Wa Wasan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallo a Birnin Kudu ko Gwaram da la'asar sakaliya, ya san yadda samarinmu suke taka leda idan babu mai kallonsu sai mu mutanen gari. Wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya mayar masa, in an ci a rungume juna, in an ɓarar a yi dariya har magariba ta raba su. To, mun taɓa ganin ranar da wasan nan ya sake kama. An baza labari cewa wani baƙo zai zo daga Kano, wai aikinsa farautar 'yan wasa yana kai su manyan ƙungiyoyi, sai samarin garuruwan biyu suka shirya karawa dominsa. Aka kafa masa kujera a inuwa, ya zauna da ɗan littafinsa da biro. Tun daga busar farko muka ga abin mamaki, domin kuwa yaran da suka shekara biyar suna wasa tare sai suka zama kamar ba su taɓa sanin juna ba. Kowa ya samu ƙwallo sai ya maƙale ta, ya yanke mutum ɗaya, ya nemi na biyu, har a ƙwace, sannan ya saci kallon inuwa.

Abin da ya dame mu tun daga ranar shi ne, shin laifi yaran nan suka yi? Idan kuwa laifi ne, nasu ne ko na kujerar?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A ƙasar Amurka, a garin Portsmouth na jihar Bajiniya, tun shekarar 1953 ake shirya wata gasar ƙwallon kwando wadda ba ta da wata manufa sai wannan. A cikin watan Afrilu akan gayyato ɗalibai 64 da suke ajin ƙarshe a jami'o'i, a raba su ƙungiya takwas, su yi kwana huɗu suna fafatawa a gaban wakilan ƙungiyoyin NBA da na ƙasashen Turai. Yawancinsu ba su taɓa wasa da juna ba kafin wannan mako. Manyan taurari ba su cika zuwa ba, don an riga an san su. Masu zuwa su ne waɗanda suke bakin ƙofa. Alhali kuwa zaɓen da NBA take yi a shekara bai wuce mutum 60 ba, daga duniya baki ɗaya, kuma mafi yawan gurabun ƙananan yara ne da ba su ma kammala jami'a ba suke kwashe su. Ke nan saurayin da ya ba wasan nan ƙuruciyarsa duka, kwana huɗu ya rage masa ya ce ga ni.

Mu Hausawa an rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma kunya da kawaici su ne adon ɗa na gari. Saboda haka abu ne mai sauƙi mu ɗaure fuska mu ce wannan duk neman suna ne. Amma mu yi wa kanmu adalci. Mu ne dai muke cika dandali bayan kaka mu kalli ɗan dambe ya fito tsakar fili ya ɗaga hannu yana yi wa kansa kirari, makaɗa suna zuga shi, kuma ba mu taɓa cewa Shago ya yi rashin kunya ba don Ɗan Anace ya wasa shi. Kuma mu ne muka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda Allah ya ba baiwa, ya kuma wahala a kanta, idan ya ɓoye ta a ranar da za ta iya ciyar da iyayensa, ba tawali'u ya yi ba, asara ya yi. Scottie Pippen daga wata ƙaramar jami'a a Arkansas ya fito, wadda ba ruwan 'yan jarida da ita. Zuwansa Portsmouth a 1987 yana cikin abin da ya sa aka ɗauke shi na biyar a zaɓen shekarar, daga baya ya ci kofi shida da Chicago tare da Michael Jordan. A nan kusa da mu ma, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma can ya koyi ƙwallon kwando, da farautar 'yan wasa ya fara aiki, a 2003 ya soma tara samari a sansanin horo a Nijeriya domin a gan su, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ba za mu ce idon irin waɗannan mutane sharri ne ba. Sharrin ma shi ne yadda ba ya isowa garuruwa irin namu, inda ko allon jefa ƙwallon kwando sai an tona.

Inda gizo yake saƙar shi ne, ɗan dambe shi kaɗai yake shiga fili, nasararsa tasa ce, faɗuwarsa tasa ce. Ƙwallo kuwa, ta ƙafa ko ta kwando, amana ce tsakanin mutane. Idan abokinka yana tsaye shi kaɗai a gaban raga, ƙa'idar wasa ta ce ka ba shi. Amma a ranar baƙo, ba shi ɗin nan yana nufin ka miƙa masa abin da kai ma ka zo nema, watakila ma gurbi ɗaya ne tak. A nan ne tambayar take da nauyi, domin ba zaɓi ne tsakanin alheri da mugunta ba. Haƙƙin aboki ne a hannun dama, haƙƙin uwar da ta sayar da akuyarta ta saya maka takalmi a hannun hagu. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan matsayi ba, ya sassauta harshe.

Sai dai akwai abin da bai kamata mu sassauta a kansa ba. Duk wanda ya san kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ya san yadda ake cinikin dabba a kara: mai saye ya zagaya ta, ya danna ƙugu, ya buɗe baki ya duba haƙori don ya san shekarunta, dillali kuma yana gefe yana zuba zance, tunda dokin mai baki ya fi gudu. Ba mu so mu yi wannan kwatance ba, amma ya ƙi barin mu. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, wadda Kano tana cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta, hukumar FIFA take amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yara. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyar matasan Nijeriya suka faɗi wannan gwaji. To, mene ne bambancin wannan da duba haƙori? Kuma wa ya koya wa yaro rage shekaru? Ba shi ya buga takardar haihuwa ba. Manya ne, mu ke nan, muka nuna masa cewa idan mai saye yana son ɗan maraƙi, sai a aske wa bijimi ƙaho. Idon baƙo ba ya tilasta wa kowa ƙarya, amma yana gwada ko gaskiyarmu tana da farashi, kuma sau da yawa ya same ta da araha. Haka nan dillalan bogi da suke karɓar kuɗin gona da sunan biza su watsar da yara a wata ƙasa, daga wannan ƙishirwa ta a gan ni suke sha.

Masu son kwantar da hankali sukan kawo labarin Dennis Rodman, wanda ya yi fice a Portsmouth a 1986, ya kuma yi suna da aikin da taurari suke ƙyama, wato tsaron gida da cafke ƙwallon da ta kuskure kwando, har ya shekara bakwai a jere yana kan gaba a NBA a wannan fanni. Ko John Stockton, wanda shi ma ya bi ta can, kuma ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 15,806, adadin da ya kafa tarihi. Sai su ce ka ga, mai ba abokinsa shi ake ɗauka. Muna jin daɗin wannan magana, amma ba mu yarda da ita gaba ɗaya ba. Ƙwararren mafarauci yakan ga mai miƙawa, gaskiya ne, sai dai ba kowane mai littafi da biro ne ƙwararre ba. Kuma idan yaro ya miƙa ƙwallo don kawai ya ji an ce masu miƙawa ake so, to shi ma inuwar yake yi wa wasa, ya dai fi sauran wayo ne. Ba daidai ba ne mu yi wa yaro alkawarin cewa kirki yana da lada a hannun baƙo, domin ranar da ladan bai zo ba zai ce mun yaudare shi, kuma ya yi gaskiya.

A ranar da muke ba da labari, ana saura kaɗan a tashi, wani siririn yaro daga ɓangaren Gwaram ya samu ƙwallo, gola ne kaɗai a gabansa amma kwanar ta matse, abokinsa kuma yana tsakiya ba mai tsaronsa. Muna kallo ya ɗan yi jim, sannan ya tura masa, aka ci. Baƙo ya tambayi sunan wanda ya ci, ya rubuta, ya shiga motarsa ya kama hanyar Kano kafin duhu. Shi wanda aka rubuta ɗin ma ba mu ji an sake nemansa ba. Siririn yaron kuwa mun gan shi bayan an watse, yana zaune a kan dutse yana kwance takalmin aro, mai takalmin yana tsaye a kansa yana jira.