Jirgin da Aka Ba Ubangiji Aro

Karatu: Luka 5:1-11

Ran nan a bakin tafkin Janisarata taro ya matsa wa Yesu, har ya rasa wurin tsayawa. Sai ya ga jirage biyu, masu su sun fita suna wankin taru. Ya shiga na Siman, ya roƙe shi ya ɗan tura shi daga gaci, ya zauna ciki yana koya wa mutane. Mu lura, Mai Iko da teku bai halicci jirgi domin kansa ba. Na masunci ya ara, da ƙarnin kifinsa, a safiyar da mai shi ya kwana wahala bai kama kome ba.

Har wa yau akwai masu ba shi aron jirgi. A 1978 wani Ba'amurke, Don Stephens, da matarsa Deyon da abokan aikinsu suka sayi tsohon jirgin fasinja na Italiya, suka sa masa suna Anastasis, watau tashin matattu da Helenanci, suka mai da shi asibiti. Mafarin ƙungiyar Mercy Ships ke nan. Wannan jirgi ya yi aiki har 2007, sa'an nan Africa Mercy ya gaje shi. A 2022 aka kawo Global Mercy Dakar, mai tsawon mita 174, da ɗakin fiɗa shida. Africa Mercy ya yi zama a Lome a 2010, a Kwatano daga 2016 zuwa 2017, a Duwala kuma daga 2017 zuwa 2018. Yakan yi wajen wata goma a tasha guda, ana yi wa masu ƙari a fuska, da masu tsagaggen leɓe, da yara masu karkatattun ƙafafu aiki, ba a karɓar ko anini.

Abin da ya fi kama zuciyarmu, ba likitoci kaɗai ke ciki ba. Akwai matuƙa, da masu gyaran inji, da kuku, da masu wanki, da malaman makaranta, gama waɗansu da iyalinsu suke zama, 'ya'yansu suna karatu a cikin jirgin. Masu sa kai ne. Wani likita, Gary Parker, ya shiga a 1987, ya yi fiye da shekara 30 gidansa na bisa ruwa, a can ya reni 'ya'yansa. Mutumin da ke son teku bai bar teku ba domin ya bi Yesu. Da ita ya bi shi.

To, wani zai ce, ina ruwanmu da wannan? Mu da ke Isa da Sabon Birni, yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, sai kwalekwalen fito da damina. Gaskiya ne. Ko da yake ruwan Gagere da Bunsuru yana shiga Rima, ya bi ta Goronyo da Sakkwato ya faɗa Kwara har ya kai teku, jirgin nan ba ya iya biyo shi ya hau zuwa gare mu. Amma ɗaya daga cikin cututtukan da ake yi wa aiki a jirgin, a ƙasarmu ta yi gida.

Likitoci suna ce da ita noma. Kada sunan ya ruɗe mu, ba ta da dangantaka da fartanya. Takan kama yara daga shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Farkonta ɗan miki ne a dasashi, da warin baki, da kumburin kunci. Cikin kwanaki kaɗan sai ta cinye nama, ta kai ga ƙashi. In ba a yi magani ba, wajen tara cikin goma suna mutuwa. Wanda ya tsira kuwa, sau da yawa haƙoransa suna liƙewa, ci da magana su gagare shi, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki domin kunya, ana cewa iska ce ta taɓa shi. Ba iska ba ce. In an gan ta da wuri, maganin kashe ƙwayar cuta da wanke baki da abinci mai kyau sun isa su tsai da ita. Tun 1999 akwai asibitin yara na noma a Sakkwato, daga 2014 kuma likitocin MSF suka shiga taimako. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin waɗanda aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuwa ta ja gaba wajen roƙon haka.

Asibitin nan ba na ekklisiya ba ne, kada wannan ya dame mu. Basamariyen da Ubangiji ya ba da misalinsa bai yi jinyar da kansa har ƙarshe ba. Ya ɗora mutumin bisa dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya. Tsakanin yaro da gadon asibiti, abin da yakan rasa sau da yawa shi ne mai kai shi.

Mun kuwa san abin da ya sa. Tun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, gonaki da yawa sun kwanta, hanya ta zama abin tsoro. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota tsakanin Sabon Birni da Isa a Disamba 2021 ba. Daga 2019 dubban mutane suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Gobir ɗaya ce, Tsibiri da Sabon Birni 'yan gida ɗaya ne, amma a takarda yaran nan suna ƙasar waje. Ashe ba sai mun haye teku za mu sami mabukata a wata ƙasa ba. Inda aka bar noma na gona, a nan wannan noma take tsiro.

Bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yana da sauƙi mu ga hoton farin jirgi mu yaba wa Turawa, mu naɗe hannu. Jirgin nan baƙo ne, wata goma ya ɗaga ƙarfensa ya tafi. Mu ne mazauna. Mu kaɗan ne a ƙasar Gobir, gaskiya, yawancin yaran kuma ba na masu bi ba ne. Amma ba mu ji an tambayi yaro addininsa a bakin tsanin jirgi ba, ko a ƙofar asibitin Galmi da mishan ta buɗe a 1950. Kada mu ne mu fara.

Mai babur, babur ɗinka jirgin Siman ne. Haka motar direba, da kwalekwalen mai fito, da kwanon mai koko. 'Yar'uwa ta zumuntar mata, ke ce kike shiga gidajen da fasto ba ya shiga. Idan kin ɗauki yaro kin ji bakinsa yana wari, ki buɗe ki duba dasashi. In akwai miki ko jini ko kumburi, kada a jira ranar kasuwa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya ran nan. Dattawa kuma, muna roƙonku ku keɓe baiko na Lahadi ɗaya cikin watan nan, a ajiye shi hannun ma'aji domin kuɗin mota zuwa Sakkwato, na yaro da na uwarsa, zuwa da komowa.