Tawakkali da Jakar Na'urar Numfashi

Akwai cutar da yawancin masu fama da ita ba su san suna ɗauke da ita ba, domin sai barci ya kwashe mutum take fara aikinta. Naman maƙogwaro ya saki, hanyar iska ta toshe, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, har sai ƙwaƙwalwa ta firgita mai barcin ya shaƙi iska da ƙarfi, ya koma barci bai san ya farka ba. Idan hakan ya kai sau 30 a awa guda, likitoci kan ce ciwon ya yi tsanani. Iyali minshari kawai suke ji, shi kuwa mai ciwon ya wayi gari da nauyin kai, gyangyaɗi da rana, da hawan jinin da ke ƙin jin magani. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan ɗaukewar numfashi a duniya. A 1981 likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya bayyana maganin da har yau ya fi kowanne karɓuwa: ƙaramar na'ura mai hura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Na'urar ba ta kawar da ciwon. Tana tare shi ne dare bayan dare, kuma da an ajiye ta yakan dawo cikin 'yan kwanaki.

Mu ɗauki ɗan kasuwa a Kasuwar Kwastam ta Maiduguri wanda likita ya ɗora a kan wannan na'ura. Abincinsa a kan hanya yake: yau ya bi ta Dikwa zuwa Gamborun Ngala, wani makon ya bi ta Damaturu zuwa Kano, wata shekarar ya shiga sahun maniyyata. Ramukan hanya na jijjiga kaya, yaran mota na jibga buhu kan buhu, zafin Afrilu na wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuwa ba ta barin ko da ƙaramar kafa. Sai ya nemo jaka mai taurin baya, mai soso a ciki, da gurbin na'ura dabam, na tiyo dabam, na takunkumi dabam, ya rungume ta a cinyarsa ya ƙi yarda a sa ta a but. Ba za a rasa wanda zai ce masa, "Alhaji, duk wannan tsaron na mene ne? Ai Allah ne mai tsarewa." Maganar gaskiya ce, amma an ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, kiyaye sababi yana cikin riƙo da sababi, kuma wanda ya yarda cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, dole ya yarda cewa tsare maganin ma bai saɓa masa ba.

Alƙur'ani ya kawo wannan darasi a wurare da dama. Lokacin da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya fassara mafarkin sarkin Masar, bai tsaya ga umarnin a yi noma shekara 7 ba, ya ƙara da cewa a bar hatsin a cikin zangarniyarsa, domin a cikin suturarsa ne zai jure ajiya har shekarun fari su wuce. Noma sababi ne, adana abin da aka noma kuwa tsare sababin ne, kuma duka biyun daga bakin Annabi suka fito. Mahaifiyar Annabi Musa ta samu alkawarin Allah cewa za a mayar mata da ɗanta, amma tare da alkawarin aka umarce ta ta sa shi a akwati kafin ta jefa shi a kogi. Da Allah ya so, da ruwa ya ɗauki jaririn ba akwati, sai dai ya so ya koya wa bayinsa cewa alkawarinsa yakan zo ta hanyar katako da ƙusa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri da sunan tawakkali, su iso Makka suna roƙon mutane, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin yin guzuri. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wanda babu mai kai shi dogaro ga Ubangiji, sulke biyu ya sanya ranar Uhudu.

Malaman usulu sun tsara wannan fahimta ta zama ƙa'ida. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa abubuwa 5 da shari'a ta zo don kiyayewa: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Imam Shaɗibi, Bamaliken Andalus da ya rasu a 1388, ya faɗaɗa bayanin a littafinsa Muwafaƙat, inda ya nuna cewa kowane ɗaya ana kiyaye shi ta fuska biyu, wato samar da abin da zai tsayar da shi, da kuma tunkuɗe abin da zai ɓata shi. Ya kuma nuna cewa kowace lalura tana da abubuwan da ke cika ta, waɗanda idan aka yi sakaci da su, ɓarakar kan iya kaiwa ga asalin. Ga kuma sananniyar ƙa'idar nan da ke cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan muka auna batunmu da wannan ma'auni, sarƙar a fili take: lafiyar mutumin tana rataye da barcinsa, barcinsa da na'urar, na'urar kuma a lokacin tafiya tana rataye da abin da ke kāre ta. Ɗan tankin ruwan da ke jiƙa iskar, idan ba a zubar da ruwansa kafin tafiya ba, yana iya kwarara cikin injin ya lalata shi. Tiyo idan ya huje, ƙarfin iskar ya zube. Takunkumi idan ya lanƙwashe, ya daina kama fuska. Ƙaramin sakaci ɗaya ya isa ya mayar da na'urar ɗaruruwan dubban naira kayan ado, a garin da samun abin gyaranta ba ƙaramin aiki ba ne.

Mutanen Barno ba baƙi ba ne ga wannan hikima, don sun daɗe suna aiki da ita a kan abin da ya fi komai daraja a wurinsu. Allah ya yi alkawarin tsare Alƙur'ani da kansa a Suratul Hijri, amma alaramman da ya kwashe watanni yana rubuta shi da ka, warƙa-warƙa, ba ya tafiya da shi tsirara. Yakan haɗa shi da tadarishi, ya ɗaure, ya sa a gafakar fata, ya rataya a kafaɗa. Daga cikin tsofaffin rubutattun Alƙur'anan Barno da suka iso zamaninmu akwai mai ɗauke da tarihin shekarar 1669. Takarda ba ta tsira daga gara, damina da ƙaura na tsawon ƙarnuka sai da hannayen da suka san darajar adana. Ba a taɓa jin malamin da ya ce gafaka shakka ce ga alkawarin Allah ba. Kowa ya fahimci cewa tana cikin hanyoyin da alkawarin ke cika.

Suka ta farko da za a yi ita ce ta ajali: idan kwana ya ƙare na'ura ba ta ƙara minti guda, idan da sauran kwana kuwa fashewarta ba ta kashewa. Wannan haka yake, kuma ilimin likitanci ma bai yi da'awar saɓaninsa ba. Wani babban gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2016, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 2,700 masu wannan ɗaukewar numfashi tare da ciwon zuciya ko shanyewar jiki, bai nuna cewa na'urar ta rage sake aukuwar waɗannan cututtuka ba, ko da yake mahalartan awa 3 da 'yan mintuna kawai suke amfani da ita a dare. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne raguwar gyangyaɗi da kyautatuwar rayuwa. Ke nan mai na'urar bai sayi tsawon rai ba, ya nemi ingancin kwanakin da aka rubuta masa ne: ya tashi sallar Asuba da kuzari, ya yi lissafin ciniki da natsuwa, ya saurari huɗuba bai ɓingire ba. Ajali gaibu ne, ba a ɗora mana saninsa ba, aikin da ke gabanmu aka ɗora mana. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, domin daga fiƙihu ta fito: malamai da yawa sun ce yin magani halal ne, bai kai wajibi ba, kuma wasu magabata sun bar shi don haƙuri. To idan asalin bai wajaba ba, yaya za a wajabta jaka? Amsa biyu ce. Ta farko, hukuncin magani yana bin halin mai ciwo. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko nakasa, ko cutar da wasu. Bincike ya sha nuna cewa masu wannan ciwo da ba sa magani sun fi sauran direbobi shiga hatsari. Direban da ya ɗauko fasinjoji daga Maiduguri bayan daren da numfashinsa ya yi ta ɗaukewa, haƙurinsa da ciwon ba nasa ba ne shi kaɗai, rayukan mutane ne a hannunsa. Ta biyu, ko da mun sallama cewa maganin halal ne kawai, da zarar mutum ya mallaki na'urar ta zama dukiya, kuma hanin tozarta dukiya ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Barin magani don haƙuri wani abu ne, sayen magani a bar shi ya lalace don ganganci wani abu ne dabam, kuma babu magabacin da ya kira na biyun ibada.

Suka ta uku ta masu kula da zuciya ce, kuma ta cancanci girmamawa. Suna tsoron kada wanda ke rungume da jaka kullum ya wayi gari zuciyarsa ta rataya ga na'ura ta manta Mai numfashin. Haɗarin gaskiya ne, amma maganinsa a zuciya yake, ba a jefar da jaka ba. Ibrahim al-Khawwas, wanda Sufaye suke buga misali da shi a tawakkali da ratsa sahara, an ruwaito cewa ba ya rabuwa da allura, zare, almakashi da abin ɗiban ruwa, don kada tufarsa ta yage al'aurarsa ta bayyana a salla, ko ya rasa abin tsarki. Gwajin zuciya yana zuwa ne ranar da sababi ya gaza, kuma Maiduguri ta ga irin waɗannan ranaku. A Janairun 2021 aka kai hari kan turakun lantarki na layin Damaturu, birnin ya shiga duhu na tsawon watanni. A 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Kwastam, Gamboru, Gwange, Kasuwar Monday, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1994. Babu jakar da za ta yi wa mutum alkawarin tsallake irin wannan. Wanda ya yi iyakar tsaronsa, ruwa ya ci na'urarsa, ya yi istirja'i ya tashi neman wata ba tare da fushi da Ubangijinsa ba, shi ne ya nuna inda zuciyarsa ta dogara tun farko. Wanda kuwa ya cusa tasa a buhu ta fashe a tasha, sannan ya ce ƙaddara ce, ya jingina wa Allah abin da hannunsa ya jawo.

Suka ta ƙarshe ta talauci ce: a garin da dubban mutane ke neman abin sawa a baki bayan shekarun rikici, maganar jakar na'ura ba zancen masu hali ba ne? Gaskiya ne cewa gwajin barci da na'urar kanta sun fi ƙarfin mafi yawan jama'a, kuma wannan hakki ne a wuyan hukumomi da mawadata. Sai dai adana ya fi zama dole ga marar ƙarfi, domin mai kuɗi idan tasa ta lalace zai aika a kawo wata, wanda kuwa dangi suka yi masa karo-karo, ita ke nan gare shi. Kuma tsaron ba lallai sai da kayan waje ba. Baduku ko telan da ya iya ɗinkin jaka zai iya haɗa mai kauri da soso da zif mai kyau. Sauran kuwa kula ce da ba ta cin ko kwabo: a zubar da ruwa, a shanya tiyo kafin a naɗe, a sauya matacin ƙura, a riƙe jakar a hannu ko da a jirgi ne, kada a bar ta a rufaffiyar mota cikin rana. A 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin irin waɗannan na'urori saboda soson cikinsu na iya marmashewa, kuma ya ce zafi da laima na ƙara saurin hakan, abin da ya kamata mazaunin Barno ya lura da shi fiye da kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalar ta wuce na'ura guda. Mun iya saye, mun iya bayar da sadaka, amma muna da rauni wajen riƙon abin da aka riga aka samu, shi ya sa rijiyar burtsatse ke mutuwa saboda ƙaramin gyara, na'urar asibiti ke zaune a lulluɓe saboda rashin mai duba ta. Sau da yawa kuma da kalmomin addini muke rufe wannan rauni. Ya kamata masu wa'azi, idan sun karantar da babin tawakkali, su haɗa da babin amana, su faɗa wa mutane ƙarara cewa ni'imar da ta shigo hannu za a tambayi mai ita yadda ya riƙe ta. Wanda Allah ya hore wa abin da zai taimaki numfashinsa, godiyarsa ta farko ita ce ya kai shi masauki lafiya, ya kunna shi a daren, sannan ya bar wa Allah abin da ya rage.