Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A bakin tekun Waikiki da ke tsibirin Oahu na Hawai, akwai wani dattijo mai sayar da allunan hawan raƙuman ruwa, irin waɗanda ake tsayawa a kai ana tuƙi da dogon filafili. Kowa Kawu yake ce masa, domin kuwa haka mutanen tsibirin suke kiran manya.

Wata safiya wani ƙosasshen saurayi ya shigo shagon. Ya daɗe yana kallon bidiyon Laird Hamilton, gwanin da shi da Dave Kalama suka farfaɗo da wasan a tsibirin Maui a farkon shekarun 2000. Ko zama bai yi ba, ya nuna wani siririn jan allo da ke rataye a bango.

"Kawu, wancan nake so."

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, nauyinka nawa?"

"Kilo 90."

"Sau nawa ka taɓa tsayawa a kan ruwa?"

"Yau zan fara."

Dattijo ya sauko da allon, ya nuna masa rubutun da ke jikinsa: tsawo ƙafa 8, faɗi inci 28, lita 100. Ya ce, "Kowace lita kilo ɗaya take ɗauka. Kai kilo 90, ga nauyin allon kansa, ga filafili. Me ya rage? Ɗan koyo kamar ninkin nauyinsa yake nema. Ga wani can, ƙafa 10 da rabi, faɗi inci 33, lita 180."

Saurayi ya yamutsa fuska. "Wannan ai ƙyauren ɗaki ne, Kawu."

"To, riƙe kuɗinka tukuna. Ɗauki jan ka gwada. Amma ɗaura igiyarsa a idon sawu."

Yana ɗora ƙafa, allon ya nutse har ruwa ya shafe masa tafin ƙafa. Gwiwoyi suka ɗauki rawa, sai ji kake tsundum! Ya hau, ya faɗa. Ya sake hawa, ya sake faɗawa, har gishiri ya cika masa hanci. Yana cikin tari sai wata tsohuwa mai furfura ta sulale ta gefensa a kan ƙaton allo, ƙaramin raƙumin ruwa na tura ta zuwa gaɓa, har da ɗaga masa hannu.

Ya koma shago jiƙe sharkaf, kansa a sunkuye. Dattijo bai yi masa dariya ba. Ya miƙa masa "ƙyauren", ya ce, "Ruwan Waikiki mai laushi ne, dogon allo yake so, don shi ke saurin kama tafiya. Fara a durƙushe. In ka miƙe, dubi gabanka, kada ka dubi ƙafarka." Kafin la'asar saurayi ya tsaya da ƙafafunsa.

Bayan shekara biyu ya goge. Da hunturu ya zo, lokacin da teku ke tumbatsa a arewacin tsibirin, ya ɗauki ƙyaurensa ya nufi can. Raƙumin farko da ya taso a tsaye kamar katanga, hancin allon ya caki ruwa, ya wuntsila shi. Juyawa ma ta gagara.

Ya dawo yana ƙorafi. "Kawu, allonka ya ci amanata."

"Bai ci ba. Kai ne ka girme shi, ruwan kuma ba irin nasa ba ne." Ya ɗauko masa wani mai ƙafa 9, lita 130, mai ɗagaggen hanci. "Wannan lanƙwasar ce ke hana shi nutsa kai a ruwa mai tsayi."

Saurayi ya saci kallon jan allon da ke bango. Dattijo ya yi murmushi. "Yana nan, ba ya gudu."

Darasi: kada mutum ya auna kayansa da jikin gwanin da yake sha'awa. Ya auna da nasa nauyin, da iyawarsa ta yau, da ruwan da zai shiga. In ɗayansu ya canza, sai a sake awo. Iya ruwa dai fidda kai.