Tsakanin Sabo da Saɓo

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yakan ajiye aiki idan ya cika shekara 35 yana yi, ko ya kai shekara 60 da haihuwa. Malaman makaranta kuwa, dokar da aka sanya wa hannu a 2022 ta ƙara musu wa'adi zuwa shekara 40 a bakin aiki ko 65 da haihuwa. Ke nan wanda ya fara riƙe alli yana ɗan shekara 25 zai iya yin furfura yana rubuta baƙi da wasali iri ɗaya a kan allo ɗaya. Tambayar da wannan muƙala za ta duba ita ce: idan himmar irin wannan mutum ta dushe, laifinsa ne? Kuma daɗewarsa ta ba shi damar ya riƙa yin aikin sama-sama?

Ban zo da tambayar don na fi kowa juriya ba. A shekarar da na yi bautar ƙasa, an tura ni wata makarantar firamare a wani ƙaramin gari. Makon farko, kafin a buga ƙararrawa ina bakin aji. Kafin zango na biyu ya ƙare, na koyi cika allo da rubutu in ce yara su kwafa, ni kuwa in koma gindin darbejiya da wayata. A ajin da ke jikin nawa akwai wani dattijo da ya shekara 31 yana koyar da 'yan aji ɗaya. Kullum ina jiyo muryarsa ta bango yana jan "ba, be, bi, bo, bu", yara suna amsawa, kamar ranar ya kama aiki.

Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Baba Malam, kai ba ka gajiya da maimaita abu ɗaya?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam Kofa, wa ya ce maka ba na gajiya? Akwai safiyar da in na hango allon nan sai in ji kamar in juya gida. Amma dubi yarinyar can ta bakin taga. Ni na faɗi 'ba' sau ba adadi, ita yau ta fara jinsa. In na faɗe shi da kasala, da kasala za ta tafi da shi gida, kuma ba ta da wani aji ɗayan da za ta sake."

Wannan amsa ta raba mini abubuwa biyu da na daɗe ina haɗawa: ɗoki da amana. Ɗoki baƙo ne, yana zuwa da sabon aiki kamar yadda yake zuwa da sabuwar riga, kuma yana tafiya ba tare da sallama ba. Babu wanda ke da ikon tilasta wa zuciyarsa ta yi murna da abin da ta gani sau dubu, don haka ba adalci ba ne a zargi ma'aikaci saboda ɗokinsa ya tafi. Amana kuwa tana wuyan mutum ko yana jin daɗi ko ba ya ji, domin asalinta haƙƙin wani ne. Matar da ta zo haihuwar fari ba ruwanta da cewa ungozoma ta karɓi haihuwa ɗari kafin tata. Tsohon da ya zo neman fayil ɗin fanshonsa fayil ɗaya ke gare shi a duniya, ko da akawu yana da dubu a kan teburinsa.

A nan haɗarin sabo yake. Sabo yana ba mutum ƙwarewa, har hannu ya riƙa aiki ba tare da ya jira kai ba, kuma a daidai wannan lokacin ne ido kan daina ganin mutumin da ke gabansa. Shi ya sa Hausawa suka kira shi turken wawa. A rubuce ma, ƙugiya ɗaya ce tsakanin sabo da saɓo. Ma'aikaci yakan tsallaka wannan 'yar tazara ranar da ya mai da mara lafiya lambar gado, ya mai da ɗalibi suna a rajista, ba tare da ya ji ya yi wani laifi ba.

Sai dai akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Wani zai ce: da sauƙi matashin da bai ɗauki nauyin iyali ba ya yi wa'azin amana. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, amma tsadar abinci da ta sufuri sun riga shi gaba. Akwai malaman da ke bin bashin albashi, akwai waɗanda ƙarin girmansu ya tsaya a takarda, suna kuma ganin magabatansu a layin tantance 'yan fansho cikin rana. Ashe kiran irin waɗannan su ƙara himma ba taya azzalumi cin gumin talaka ba ne?

Ƙorafin gaskiya ne, kuma wanda ya riƙe haƙƙin ma'aikaci shi ya fara cin amana. Amma a duba wanda sakacin ke faɗawa a kansa. Idan malami ya rama rashin albashi da rashin koyarwa, wanda ya danne kuɗin bai ji komai ba, 'ya'yansa ma ba sa wannan makaranta. Yarinyar bakin taga ce ke biyan bashin da ba ita ta ci ba. Yajin aiki na fili, wanda aka sanar aka kuma faɗi dalilinsa, yana da mutuncinsa, domin ya tunkari mai laifi. Yajin aikin ɓoye, inda ake sa hannu a rajista da safe a bar aiki a kwance, zalunci ne da aka karɓo daga sama aka miƙa wa na ƙasa.

To, da me mutum zai riƙe kansa tsawon shekaru bayan ɗoki ya tafi? Duk wanda ya tsaya a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake rini. Marini yakan tsoma ƙyalle cikin ruwan baba, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa. A iskar ne launi ke juyawa ya zama shuɗi, kuma yawan tsomawa shi ke sa ya yi duhu ya kama. Haka aiki mai daɗewa yake: maimaici ne ke zurfafa shi, amma sai da shan iska. Ma'aikacin da ba ya hutu, ba ya ɗago kai ya duba abin da hannunsa ya yi, zai jiƙe kawai ba tare da ya rinu ba.

Abu na biyu shi ne mutum ya yarda ya koma ɗalibi a cikin sana'ar da ya riga ya ƙware. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta yi suna wajen ginin tukwane da hannu tun kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. A can ta zauna ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ba ta ce girmanta ya wuce koyo ba. Wanda ya bar wa kansa abu ɗaya da bai iya ba tukuna yana da dalilin fitowa gobe. Idan kuwa mutum ya bincika zuciyarsa ya tarar babu sauran abin da zai iya ba waɗanda ke zuwa gabansa, to sauka da mutunci ya fi zama a kujera ana tare wa wasu hanya.

Amsata ke nan: mutuwar ɗoki ba laifi ba ce, amma daɗewa ba ta rage ko ƙwayar gero daga haƙƙin wanda ya zo yau. Washegarin hirarmu da Baba Malam na bar wayata a ɗaki, na shiga aji na nemi kowane yaro ya karanta mini layi ɗaya daga abin da na sa su kwafa tsawon wata biyu. Da yawansu ba su iya ba. Daga shafin farko muka sake farawa.