Mabukacin Da Ba Ya Miƙa Ƙoƙo

Ya kai mai karatu, ga tambaya ina so in sa a gabanka. Idan ka jefa wa mabukaci kuɗi domin ya kauce maka daga hanya, sadaka ka yi, ko kuwa hutun zuciyarka ka saya? Kada ka yi garajen amsawa. Mutanen Fagge da Sabon Gari ba marowata ba ne. Wanda ya ratsa Kantin Kwari ran Jumma'a, ko ya tsaya ƙofar majami'a ran Lahadi, ya shaida wannan. Amma akwai wani mabukaci wanda ba ya miƙa ƙoƙo, ba ya iya roƙo, sau da yawa ma iyayensa sun rufe shi a ɗaki saboda kunya. Shi ne yaron da likitoci su ke cewa yana da otizim, mu kuwa mu kan ce galahanga, ko da ya ke mun ɗora wa wannan kalma kaya da yawa, muna tara lalurori dabam dabam a ƙarƙashinta.

Watakila ka san shi. Ya shekara huɗu bai buɗe baki ba, ko kuwa abin da aka faɗa masa shi ya ke maimaitawa. A kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali ba kurma ba ne. Ƙarar janareta ta kan sa ya toshe kunne yana kuka. Ya kan jera murafun kwalba layi guda, in an taɓa ɗaya hankalinsa ya tashi. Wani kuwa bakinsa garau, lissafi a kansa kamar ruwa, amma zama cikin tsara ya gagare shi. Ba su zama iri ɗaya ba.

A shekarar 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta labarin yara 11 masu wannan hali, a 1944 kuma Hans Asperger ya rubuta nasa a Austiriya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa wajen yaro ɗaya cikin 100 yana da shi. To, ka auna da kanka: makaranta mai yara 500, ya kamata a iske kamar biyar a ciki. Idan ba a iske su ba, ina su ke?

Abu na fari da ke kanka shi ne ka kame bakinka daga neman mai laifi. Turawa sun daɗe suna zargin uwaye, wai sanyin zuciyarsu ya jawo, daga baya bincike ya rushe zancen. A 1998 wani likita a Ingila ya ɗora laifin a kan allurar rigakafi. Aka bincika aka tarar aikinsa ba na gaskiya ba ne, a 2010 mujallar da ta buga shi ta janye shi. Mu a Kano mun ɗanɗana kuɗar irin wannan jita-jita, gama a 2003 aka tsai da rigakafin shan inna har cikin 2004, cutar kuwa ta bazu. Mu kuma na gida mu kan ce iska ce, ko sammu, ko alhakin wani ne ya kama uwar. Masana sun tabbatar gado yana da babban rabo cikin lamarin. Ba maganin da ke kawar da shi, saboda haka mai sayar maka da rubutu ko ruwan addu'a da alkawarin warkewa, ko daga wane ɗaki ya fito, aljihunka ya ke so. Abin da a ke gani yana taimako shi ne koyarwa da wuri, da haƙuri, da tsari.

Ka tuna da makafi. A 1943 ɗin nan aka buɗe asibitin ido na mishan a gefen Sabon Gari, a 1953 kuma aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Kafin wannan, rabon makaho sanda da ɗan jagora da waƙar bara, masu ba shi kuwa suna jin sun cika aikin kirki. Waɗanda suka zaunar da shi suka koya masa karatu da yatsu, su ne suka ɗauke shi mutum. Kano ma ta yi wa kurame da makafi makaranta a Tudun Maliki. Sai dai makanta ido yana ganinta, tausayi ya zo da kansa. Yaro mai otizim kuwa jikinsa lafiya lau, don haka maimakon tausayi sai ya sha bulala, a ce rashin tarbiyya ne.

A nan ne ni ke so ka bambanta sadaka da hakki. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Nijeriya ya yi karatun shekara tara kyauta, kuma tilas. A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana wariya ga masu naƙasa. Watau hedimastan da ya karɓi wannan yaro ba alfarma ya yi masa ba. Amma doka ba ta da ƙafa, ba ta zuwa ofis da kanta. Sai wani mai baki ya raka uwar, ya zauna, ya yi magana da ladabi, gobe ya komo, jibi ya komo. Wannan ya fi miƙa dubu biyar wuya, gama yana cin yini, yana kuma iya ɓata ka da mutane.

Za ka ce mini, malamin da ajinsa ya cika maƙil, albashi kuma bai kai ba, yaya zai yi da yaron da ke bukatar mutum guda shi kaɗai? Gaskiyarka. Ba daidai ba ne a tura masa yaron a juya baya, a bar su biyu su wahala. To, ga inda kuɗin sadaka ya kamata ya nufa: a biya a horar da malami ɗaya, a ɗauki mataimakiya, a ware ɗaki marar hayaniya, a yi katunan hoto waɗanda yaron da ba ya magana zai nuna abin da ya ke so da su, a biya kuɗin mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano domin likita ya duba shi.

A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 2 ga Afrilu domin tunawa da masu otizim. Taron ba laifi. Amma ina ƙin ganin an tsai da yaro gaban kyamara da buhun shinkafa, shi da ƙarar lasifika ke firgita shi, domin sunan mai bayarwa ya fita.

Kada kuma ka manta yaron zai girma, iyayensa za su tsufa. Idan kana da shago a Kwari ko a kasuwar Sabon Gari, ka duba ko akwai aikin da ba ya sakewa, kamar ninke atamfa, ko jera kaya bisa lamba, ko ƙirga kwali. Waɗansunsu irin wannan aiki su ke so, su kan kuwa yi shi da kyau. Ka ɗauki ɗaya, ka gaya wa yaran shago kada su tsokane shi, ka biya shi ladansa kamar kowa.